Baƙin Mai a Shatale-tale

"Sakar mata hannu! Na ce ka sakar mata hannu!"

Ban jira ya amsa ba na ɗauke shi da mari a ƙofar gidana, sai da kansa ya bugi ƙyaure.

"Baba!" Auta ta ƙwala ihu tana lalube. "Me ya yi maka?"

Auta ce ƙaramar 'yata. Tana da shekara tara zazzaɓi ya tafi da ganinta, yanzu shekararta ashirin da biyu. Ko matakala ba na bari ta sauka ita kaɗai. Wanda na mara kuwa Dogo ake ce masa, malamin motsa jiki ne a makarantar makafi inda take koyar da saƙa. Shi ya koya mata gudu. Da 'yar gajeruwar igiya suke yi, ya zura hannunsa a gefe ɗaya, ta zura nata a ɗayan, suna gudu yana faɗa mata hanya.

Ya goge jinin leɓensa, ya durƙusa.

"Baba, igiya ce na riƙe. Saura kwana uku gasar gari, izininka na zo nema... Kuma in ka amince, bayan gasar manyana za su zo."

"Manyanka? Kai ka haifa min ita? Tsakiyar titi za ka kai min yarinyar da ba ta gani?"

"Baba, don Allah ka saurare ni," in ji Auta. "Shekara goma sha uku kana ta kaffa-kaffa da ni. In muna gudu da shi ne kaɗai nake mantawa ba na gani. Ina sonsa, Baba..."

"To ki zaɓa, ko ni ko shi!"

Na ja ta ciki, na buga ƙofa. Ina jin kukanta har na rasa inda zan sa kaina, amma ban sauko ba.

Ni direban tasi ne. Kowace shekara in gasar ta zo, tsalle da jifa a filin wasa ake yinsu, amma dogon gudu a kan titi ne, sai a rufe manyan hanyoyi tun safe har yamma. Bana har bakin tasharmu aka toshe. Shugabanmu, wanda muke kira Guduma saboda saurin hannunsa, ya rantse sai mun watsa taron. Da can ba na shiga irin wannan. Amma a ranar zuciyata cike take da gasar da duk wanda ya ƙirƙiro ta.

Da safiyar gasar na ce wa uwar Auta ta kulle ƙofa, kada yarinyar ta leƙa ko'ina. Na biya ta gareji na ɗauko jarka biyu na baƙin mai. Da hannuna na tuttule su a kan kwalta, daidai shatale-talen da 'yan gudu za su karya kwana.

Na farkonsu yana takawa ya zube, na ji ƙarar hannunsa ya karye. Uku suka faɗa kansa. 'Yan kallo suka yo kanmu da duwatsu, mu ma muka mayar. Kwalabe suna fashewa, mata na ihu, wani ya cinna wa taya wuta. Ma'aikatan gasa masu riga ruwan ɗorawa suka zo raba mu, Guduma ya zaro ƙarfen jak ya shiga dukan duk mai irin rigar.

Cikin wannan hayaƙin na ji muryar da na sani.

"Dama, Auta, dama! Rage gudu... tsaya!"

Na waiwaya. Ga 'yata nan da lamba a ƙirji, hannunta ɗaure da na Dogo. Daga baya na ji uwarta ce ta buɗe mata, ta ce ba ta haifi 'ya don a kulle ta kamar kaza ba.

Dogo ya ga man, amma tarin 'yan gudu na bayansu suka tunkuɗo su. Ƙafarta ta zame. Ya juya da sauri ya faɗi a ƙarƙashinta, sannan ya mirgina ya rufe ta da jikinsa. Ana tattaka shi, duwatsu na sauka a bayansa, bai motsa ba.

Kuma rigar 'yan jagora ce a jikinsa, ruwan ɗorawa.

"Guduma, kada!" na yi ihu. "'Yata ce! 'Yata ce a ƙasa!"

Ƙarfen ya riga ya sauka a ƙeyar Dogo.

Na daka tsalle na shaƙe Guduma ta baya. Ya kai min gwiwar hannu a baki, haƙorina ya fita, ban sake shi ba sai da ya yar da ƙarfen. Na rarrafa cikin man zuwa wurinsu.

"Idona! Idona, yi min magana!" Auta tana shafa fuskarsa, tana kiransa da sunan da ta sa masa. "Mene ne wannan mai ɗumi yake zubo min?"

"Gumi ne, rabin raina..." ya faɗa da ƙyar. "Kada ki tashi. Kin ji ciwo?"

"Ban ji ba! Kai ne... wayyo Allah, jini ne!"

"Auta, sake shi in ɗauke shi," na ce.

Ta yi cak, ta juyo da fuskarta inda muryata take.

"Baba? Me kake yi a nan?"

Na saɓa Dogo a kafaɗa, ta riƙe bayan rigata, muka kutsa har lungun da na ajiye mota. Ban san yadda na yi tuƙin ba. Ta madubi ina ganinta ta ɗora kansa a cinyarta tana kiran sunansa, shi kuma yana ta sambatu: "Hagu... akwai rami... saura kaɗan..."

A asibiti aka shige da shi. Muka zauna a benci ɗaya, ta matsa can ƙarshe. Awa biyu tana juye min baya. Na gwammace ta zage ni.

Ma'aikaciyar jinya ta fito da takarda a hannu.

"An yi masa ɗinki goma sha huɗu, ƙashin kai bai fashe ba. Ya farka, amma dangi kaɗai ke shiga. Kai waye ɗinsa, malam?"

Na dubi 'yata. Jininsa ya bushe a kan lambarta, gwiwoyinta duk sun ɗaye.

"Surukina ne," na ce, hawaye ya ci ƙarfina. "Rubuta haka. Wannan ce zai aura."

Auta ta fashe da kuka. Na miƙa hannu zan ɗaga ta, ta kama shi da hannu biyu, ta kai kusa da fuskarta. Sai na ga ta tsaya tana sunsunawa. Ta daɗe a haka.

"Baba..." ta ce a hankali, ba ta sake ni ba. "Je ka wanke hannunka tukuna. Kada ya ji warin man nan. Ina nan ina jiranka, tare za mu shiga."