Keken da Aka Ba Malama a Filin Jirgi

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma aka cuci Malama. Ta rubuta ranar da lokacin, domin shekara talatin da biyar ta yi tana koyarwa kafin ta yi ritaya, kuma ba ta barin abu ya wuce ba ta sa masa kwanan wata ba.

Watansu bakwai ke nan a hanya. 'Yarta injiniya ce mai haɗa na'urorin asibiti, aiki yana kai ta ƙasa-ƙasa, wata biyu nan, wata uku can. Malama ta biyo ta don riƙon jikarta, yarinya 'yar shekara uku da ake kira Tsuntsuwa, saboda ta fi sanin kujerar jirgi a kan gadon gidansu. A sauka ta huɗu, keken da ake tura yarinyar a ciki ya ƙi fitowa tare da akwatuna. Suka nufi ofishin kayan da suka ɓata. Ma'aikacin yana tauna cingam ya shiga ɗakin ajiya, ya turo musu wani keke shuɗi.

"Namu ja ne," in ji Malama.

Ma'aikacin ya ce, "Mama, keke ai keke ne. Wannan ya fi shekara biyu a nan, ba wanda ya zo nema."

"Wari yake yi."

"In ya sha iska zai daina."

'Yarta ta jingina da bango. "Umma, don Allah ki bari. Ƙafata ta kumbura." Ta sa hannu a takarda, suka tafi da shi.

Bai daina ba. Tsamin madarar da ta kwana ne, haɗe da ƙarni irin na tsumman da aka manta a bokiti. Kwana uku suka shanya shi a barandar masaukinsu, warin sai ƙaruwa. Katifarsa kullum da ɗumi da danshi, ko da sassafe ne ba wanda ya zauna. Tsuntsuwa kuwa in an ɗora ta, sai ta takure a gefe guda.

"Ƙawata, matsa tsakiya mana."

"Ai akwai mutum, Kaka."

Malama tana da wata ɗabi'a da ta taho da ita daga aji. Ba ta shiga wuri ko ta fita sai ta yi kiran suna. 'Yarta takan ce, "Ina nan, Umma," tana tsaki a ciki. Tsuntsuwa kuwa ba ta taɓa amsawa daidai ba. Sai ta rufe ido da tafin hannu ta ce, "Ba na nan!" ta ƙyalƙyale da dariya. Wata bakwai Malama tana gyara mata. "Yarinyar kirki cewa take, na'am, ina nan. Ke dai da a ajina kike, da kin sha tsallen kwaɗo."

A kwana na tara, gab da magariba, haƙurinta ya ƙare. 'Yarta ba ta dawo daga aiki ba. Ta ɗauki garin sabulu da buroshi, ta ja keken zuwa ɗakin wanki da ke ƙarƙashin bene, Tsuntsuwa tana riƙe da gefen zaninta.

Ɗakin ba taga. Ƙwan fitila ɗaya ne, rawaya. Wani bututu yana ɗiga, ɗis, ɗis, cikin kwano. A can ƙurya akwai wata ƙofa a buɗe, ciki baƙi ƙirin.

Malama ta ɓalle maɓallan katifar ta ɗaga.

Gashi ne a dunƙule, a jiƙe. Da yankakkun farce ƙanana. Da curin biskit da aka tauna aka tofar, an jera su reras, irin biskit ɗin da take ba jikarta da hannunta. Da haƙoran yara, sun fi goma, wasu da sauran nama a jikinsu. Wani yauƙi ya biyo yatsunta, ya yi zare har gwiwar hannu.

Amai ya taso mata. Ta ruga bakin famfo, ta cire tabarau, ta kuskure baki, ta sake kuskurewa.

A bayanta taya ta yi ƙara. Ƙiii.

Ta juya. Fitilar ta dushe kamar garwashi. Ba tabarau, ba ta ganin komai sai inuwa. Bakinta ya yi abin da ya saba.

"Tsuntsuwa?"

"Na'am, Kaka. Ina nan."

Muryar jikarta ce, tsaf, cikin ladabi. Ga ta can tsaye kusa da injin wanki, hannu a ƙirji, ƙafa a haɗe. Wani daɗi ya ratsa Malama, irin na ranar da daƙiƙin aji ya ba da amsa daidai.

"Yauwa, 'yar albarka! Yau kin iya."

Ta sunkuya ta sure ta.

Sanyi. Jikin ya lotsa a hannunta kamar ɗanyen naman da ya kwana a ruwa. Hannuwa biyu suka naɗe wuyanta, masu danƙo, sun fi na yaro tsawo. Bakin ya buɗe dab da hancinta. Daga nan warin yake fitowa.

Ba haƙori ko ɗaya a ciki.

"Ina nan," abin ya raɗa mata a kunne. "Ki goya ni."

Ƙiii. Ƙiii.

Keken yana tafiya shi kaɗai, ya nufi baƙar ƙofa. Daga cikinsa wata 'yar murya ta fito, tana rawa da kuka.

"Ba na nan... Kaka, ba na nan."

Malama ta yi a'uziyya da ƙarfi. Ta ɓamɓare hannuwan daga wuyanta, suka saki da ƙarar cire ƙafa daga taɓo. Ta jefar da abin. Ta yi tsalle ta cafki keken, tayoyin gaba sun riga sun shiga duhu. Ɗamarar keken ta ɗaure kanta a ƙirjin yarinyar. Ta ja, ta ƙi. Ta sa haƙori.

Ta tsinke.

Ta rungumi yarinyar, mai ɗumi, mai majina, ta haye bene ba takalmi. A kowace matakala muryar tana biye da ita.

"Na'am. Ina nan. Na'am. Ina nan."

Kwana uku Tsuntsuwa ta yi tana zazzaɓi, sannan ta tashi. Tun daga ranar ba ta yarda ta zauna a kan abu mai taya, sai dai Malama ta goya ta, da shekarunta sittin da uku, a layin fasfo da dogayen barandun filin jirgi. Tafin hannun Malama na dama har yau yana wannan tsamin. Ta gwada sabulu iri-iri da lemun tsami. Da cokali take cin abinci yanzu, tana kau da kai.

Mai masaukin ya ga takardar filin jirgi a jikin keken, ya mayar wa 'yan ofishin da kayansu. Ranar da za su bar ƙasar, Malama ta leƙa ofishin. Ga shi can a gaban layi, an goge shi, an manna masa sabuwar takarda, yana jiran iyalin da za su sauka a gajiye da yaro a kafaɗa. Ta yi magana har masu gadi suka taru. Ma'aikacin ya ce, "Mama, jirginki zai tashi."

Wasiƙa huɗu ta rubuta. Amsa ɗaya ta samu, bugaggiya, ba sa hannu, da kuskuren rubutu har uku, wai suna godiya da shawararta kuma za su aiko mata da sabon keke. Malama ba ta son kekensu. Abin da take nema a fili yake. A fito da wannan ƙazanta tsakiyar fili a ƙone ta, mutane suna kallo. Sannan shugaban ofishin da kansa ya ɗauki lasifikar da suke kiran fasinja da ita, ya faɗi abin da suka ajiye a ɗakinsu shekara biyu, ya faɗi wanda suka miƙa wa, ya nemi afuwar yarinya 'yar shekara uku da kakarta, da babbar murya, kowa yana ji.