Fitilun da Baba Bai Kunna Ba

Da sassafe Sufeto ya isa gonar. Ƙaramin jirgin saman ya dunƙule a gindin wata bishiya, an riga an ɗauke gawar matuƙin, ɗa ɗaya tilo ga mai gonar.

Filin saukar ba shi da lantarki. Idan dare ya yi wa yaron, mahaifinsa ne ke jera fitilun kananzir a gefe da gefe ya kunna. Ba ya barin kowa ya taɓa masa wannan aiki.

"Kun kunna jiya, Baba?" Sufeto ya tambayi tsohon.

"Na kunna."

Makanikin jirgin ya rantse ya ga wutar fitilun. Amma da Sufeto ya tambaye shi me ya hana jirgin kamawa da wuta, sai ya sunkuyar da kai.

"Tankin a bushe yake, yallaɓai. Ya yi ta kewaye filin har mai ya ƙare."

Wanda ke ganin hanya me zai sa ya yi ta kewayawa? Sufeto ya bi fitilun ɗaya bayan ɗaya. Kananzir cike har baki, lagwani sabo fari tas, ko ɗigon baƙi babu a gilashi.

A falo ya sami matar marigayin rungume da rigar aikinsa.

"Kin ga wuta?"

"Na gani," ta ce, hawaye na zuba. "Don Allah ku ƙyale Baba. Shi kaɗai ya rage mini a gidan nan."

Sufeto ya ajiye fitila ɗaya a gaban tsohon. Shekarunsa da yawa a aiki, amma bai taɓa ƙin tambaya kamar wannan ba.

"Baba, lagwanin nan bai taɓa ganin ashana ba."

Tsohon ya dubi fitilar.

"Na roƙe shi ya daina saukar dare, ya yi mini dariya. Sai na ce idan bai ga wuta ba zai juya babban filin jirgi na birni, ya kwana lafiya. Ina tsaye ina jin sa a sama, ashana na hannuna. Wallahi ban san ba shi da mai ba."

Kofur ɗin da ke tare da Sufeto ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai.

A bakin mota tsohon ya tsaya, ya miƙa wa surukarsa kwalin ashana.

"'Yata, idan duhu ya yi ki kunna masa. Duka."