Akwatin Hajiya Azeta

Hantsi bai gama ɗagawa ba aka bugo wa Sufeto Abdul-Wahab Saaka waya cewa matan kasuwa sun kewaye wani gida a Dabokpa, in ba a hanzarta ba za a ji kunya. Ya ture kofin shayinsa ya kira Saje Mulikatu, kowa ya hau babur ɗinsa, don motar ofis ta kwana biyu babu mai.

Tun daga bakin layi suka jiyo hayaniya. Mata ne masu sayar da man kaɗanya a kasuwar Aboabo, sun cika ƙofar gidan magajiyarsu, Hajiya Azeta, yawancinsu riƙe da ƙullin tsumma a hannu.

Sufeto ya san tushen wannan ƙulli, duk Tamale ma an sani. Shekarar da gwamnati ta ce za ta share bankuna, ta rufe wasu, ta haɗe wasu, ta ƙwace lasisin ƙananan kamfanonin ajiya, a shekarar ne wani kamfani mai suna Rumbun Talaka ya nutse da guminsu. Masu shi sun ba kansu da surukansu rance sun gina benaye a Akara, masu sa ido kuwa suna ta sharar barci. Har gobe 'yan wannan jam'iyya na cewa ceto aka yi, 'yan waccan na cewa bi-ta-da-ƙulli ne, kuma duk cikinsu ba wanda ya taɓa kwana da yunwa saboda abin. Waɗanda aka biya an biya su bayan darajar sidi, kuɗin ƙasar, ta zube, kuɗin saniya sun koma kuɗin akuya.

Daga nan matan suka yi rantsuwa sun bar banki, suka koma yadda iyayensu ke yi. Kowacce ta ƙulle kuɗinta a tsummanta ta kai wa magajiya, ita kuma ta jefa a akwatin ƙarfe. Ba ta kwancewa, ba ta tambayar nawa ne. Amana ce kawai, sai Allah da ke shaida.

Wata doguwar mata mai suna Adizatu ce ta tare shi.

"Ofisa, da safen nan na zo karɓar nawa zan kai kuɗin makarantar 'yata. Na kwance, ko rabi babu. Na kira sauran, kowacce ta kwance, duk kanwar ja ce."

"A gabanta kika kwance?"

"A gabanta. Banki ya ci mu mun yi haƙuri, yanzu kuma wadda muke kira uwa?"

"Mu ga ƙullin."

Ta shimfiɗa a tafin hannunsa. Sufeto ya daɗe yana kallo. Takardun sun sha maiƙo kamar kowane kuɗin mai man kaɗanya, amma a miƙe suke sumul, manya a ƙasa, ƙanana a sama, hotunan da ke jikinsu duk suna kallon gefe guda.

"Haka kika ajiye su?"

"Ni? Ina na ga lokacin wannan iyayi? Dunƙulewa nake yi in cusa. Ka gan su kamar an bi su da dutsen guga."

Ya duba na mata uku, duk haka. Ya ce wa Saje ta tsare ƙofa, kada kowa ya shiga, kada kowa ya fita.

Hajiya Azeta na zaune a bakin gadonta, tsohuwa mai jiki, ƙafafunta a kumbure. Akwatin na gefe a buɗe, kwaɗon lafiya lau, ba alamar an taɓa shi da ƙarfe. Sufeto ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe ta yadda ake gaida manya.

"Mma, ina makullin yake zama?"

Ta jawo zare daga wuyanta. "Nan. Da shi nake barci."

"Ba kya cire shi ko kaɗan?"

"Sai in zan yi wanka. In sa shi ƙarƙashin matashi."

"Wankan kan daɗe?"

"Da waɗannan gwiwoyin? Sai na gasa su da ruwan zafi tukuna."

"Su wa ke gidan?"

"Ɗana Fataw, da matarsa Samiha, da jaririnsu." Ta ɗago. "Ɗana, kada ka wahalar da kanka. Ni na ci. Ka tafi da ni."

Sufeto ya dube ta. Matar da ta shekara talatin ana ba ta ajiya ko allura ba ta ɓata ba, in wannan magana ta fita bakin ƙofa, ko an wanke ta daga baya ta gama yawo a garin nan da kai a sama. Abin ya ba shi haushi, ya kuma ba shi tausayi.

Ya zaro 'yan takardun kuɗi daga aljihunsa, ya ɗora a kan wani tsumma.

"To, Mma, nuna mini yadda kika mayar da sauran bayan kin ɗiba."

Ta dunƙule su wuri guda kamar mai murɗa ganyen miya, ta ƙulle tamau, ta miƙo masa.

"Allah ya ƙara girma," ya ce. "Ƙarya ba ta karɓe ki ba. Wa kike rufa wa asiri?"

Idonta ya tafi wajen taga, inda keken haya mai ƙafa uku, wanda ake kira yalo-yalo, ke fake a tsakar gida.

Fataw na tsaye jikin keken, gumi ya jiƙe masa riga. Yana ganin Sufeto ya fara rantse-rantse tun ba a tambaye shi ba.

"Ajiye rantsuwar, za ta yi maka amfani a kotu. Keken naka ne?"

"Na wani Alhaji ne, Ofisa. Ina biya a hankali."

"Ka taɓa shiga ɗakin tsohuwa ba ta nan?"

"Ko sau ɗaya."

"Matarka fa, wane aiki ta taɓa yi?"

"Babu. Daga gidan ubanta a Savelugu sai gidana. Koko da ƙosai kawai take sayarwa a ƙofar gida." Ya faɗi haka da sauri, har yana haɗa kalma da kalma.

"Juye aljihunka."

Ya zube cinikin safiya a kan kujerar keken, takardu a cukurkuɗe, wasu a naɗe kamar taba. Sufeto ya ɗaga kujerar, ya ga wani ɗauri daban a ƙarƙashi, an ɗaure da roba. A miƙe, manya a ƙasa, ƙanana a sama, fuska duk gefe guda.

"Wannan fa?"

"Cinikin jiya ne, na Alhaji."

"Kai ka shirya shi haka?"

"Samiha ke haɗa mini in na dawo."

Samiha na bayan ɗakin girki tana wanke tukunyar koko, jariri a goye. Siririya ce, mai natsuwa, ta gaishe shi ba tare da ta ɗago ba. Sufeto ya sa Saje ta matso kusa, ya ce ƙishi yake ji, ko akwai sauran koko. Ta zubo masa. Ya miƙa mata babbar takarda da gangan.

Ta jawo robar ciniki ta hau haɗa canji. Hannuwanta ya tsura wa ido. Kowace takarda ta ɗauka sai ta miƙar da kusurwarta da babban yatsa, in ta zo a kife ta juya ta, ta jera, ta buga gefen a gwiwarta, sannan ta ƙirga da yatsu uku cikin ƙiftawar ido, ta sake ƙirgawa kafin ta miƙo. Ita kanta ba ta san tana yi ba.

"A wane reshen banki kika yi aikin karɓar kuɗi?" ya tambaya a hankali.

Canjin ya zube ƙasa.

"Ban gane ba, Ofisa."

"Kin gane. Mai koko ba ta ƙirga canji sau biyu, ba ta juya fuskar kuɗi. Wannan hannu horar da shi aka yi."

"Makaranta ce kawai na..."

"Wa ke kai wa Hajiya ruwan wanka?"

Ta duƙa tana tsince canjin da ya zube.

"Samiha, surukarki na ɗaki ta ce ita ta ci, don tana zaton ɗanta ne. In na fita da ita ta gaban matan can, ba za ta ƙara shiga kasuwa ba har ta mutu. Kin yarda a yi haka?"

Ta dafa bango ta sulale ƙasa. Jaririn ya motsa, ta jijjiga shi, hawaye na zuba.

"Rumbun Talaka," ta ce. "Reshen Yendi. Ni ke karɓar kuɗi."

Fataw, da ya biyo su, ya dafe kai. "Ni na ce ta ɓoye, Ofisa. Kamfanin nan ya ci kuɗin Makkan Mma na biyu. Da ta sani, da ba a yi auren ba. Amma wallahi maganar akwati ban san ta ba."

"Ba kai na tambaya ba. Ci gaba."

"Kowane wata sai an yanka mana adadin mutanen da za mu kawo, in ba ka cika ba a kore ka. Wa zan kawo in ba nawa ba? Na je garinmu na bi gida-gida. Babana ya tsaya mini, ya ce 'yarsa ba za ta cuce su ba. Mutane suka sayar da shanu suka kawo. Ranar da aka rufe, a rediyo na ji, kamar kowa. Manajoji sun san da zuwan abin, sun kwashe nasu tun da sati."

"Sai aka bi babanki."

"Ba wanda ya zage shi. Gaisuwa kawai aka daina amsa masa. In ya shiga sahu, na kusa da shi ya matsa. Shekara nawa yana salla a ɗaki, Ofisa, mutumin da shi ke kiran salla a da. Wasu ba su da takardar da za su nuna a biya su, a hannuna suka ba da. Na ce bari in ɗan ɗiba kaɗan in rufe bakin mutum ɗaya, in mayar daga cinikin koko. Na rufe ɗaya, saura suka ji."

"Me ya sa ba ki kwashe ƙulli guda gaba ɗaya ba?"

"Da an gane da wuri. Kaɗan-kaɗan nake cira a kowanne, in mayar da saura." Ta kalli hannuwanta. "Ban ma lura ina jera su ba."

Sufeto ya ja dogon numfashi. A shekarunsa na aiki ya kama ɓarayi iri-iri, kaɗan ne suka sa shi jin kunyar kakinsa irin wannan. Waɗanda suka haƙa ramin suna can suna ɗage shari'a da manyan lauyoyi, shi kuma ga shi zai tafi da mai koko. Amma sata sata ce, kuma kuɗin makarantar 'yar Adizatu ba su yi wa kowa laifi ba.

Ya fita ƙofar gida da kansa, ya ɗaga hannu har aka yi tsit.

"Hajiya Azeta ba ta taɓa ko sisin kowa ba. Wadda ta ɗiba ta amsa da bakinta, tana hannunmu. Duk wadda ta ɗaga mata hannu, tare za su kwana a sel. Gobe kowacce ta zo caji ofis ta ba da bayani."

Aka fito da Samiha. Saje Mulikatu ba ta sa mata ankwa ba, hannunta kawai ta riƙe. Hajiya ta dogaro sanda har tsakar gida, ta tsaya gabanta. Samiha ta durƙusa.

"Mma, ki yafe mini."

"Da kin faɗa mini, da na sayar da filina na Kukuo," in ji tsohuwar. "Kwanto mini yaron. Ba zai kwana a wurin 'yan sanda ba."

Ta karɓi jikanta ta rungume. Sannan ta sa Fataw ya jawo akwatin har bakin ƙofa, ta cire zaren daga wuyanta ta jefa ciki.

"Wadda ba ta ɗauki nata ba ta zo ta ɗauka. A ɗakina aka ci amana, ko ba da hannuna ba. Na gama riƙon ajiya."

"Haba Magajiya," Adizatu ta ce, kunya ta kama ta. "Ai an wanke ki. Ɓacin rai ne ya sa muka..."

"Na gama."

Ɗaya bayan ɗaya suka ɗauka, har akwatin ya koma fayau. Amma ba wadda ta tafi. Suka tsaya cirko-cirko a rana, kowacce ta ƙanƙame ɗan abin da ya rage mata a ƙirji, suna kallon juna.

Saje ta bar babur ɗinta a gidan, ta tare yalo-yalo ta shigar da Samiha. Sufeto na shirin tayar da babur sai Adizatu ta riƙe masa hannun riga.

"Ofisa, kai ne hukuma, ka faɗa mana. Mun kai banki an ci, mun kawo gida an ci. Yanzu ina za mu kai?"

Sufeto Abdul-Wahab, wanda bai taɓa rasa abin faɗa wa mai laifi ba, ya dube ta, ya dubi sauran. Ya zare hannunsa a hankali, ya tayar da babur, ya bi bayan keken.