Kwalbar da Aka Naɗe da Baƙar Takarda

Da hantsi aka kira Sufeto na 'yan sanda zuwa jami'a. An sace kwalbar wani gari rawaya daga ɗakin gwaji, garin da aka ce in an zuba shi a ruwa aka ajiye a rana, sai ya fitar da iskar haidurojin, makamashi ba hayaƙi. Washegari masu tantancewa za su zo gwada shi.

Farfesa, mai aikin, bai ɓata lokaci ba. "Ni da mai kula da ɗakin kaɗai ke da makulli."

Aka tsare dattijon mai kula da ɗakin a baranda, shekara ashirin yana wanke wa Farfesa kwalabe.

Sufeto ya duba tebur. Ga almakashi, ga guntun baƙar takarda. Ya leƙa baranda ya nuna wa dattijon.

"Wannan fa, Baba?"

"Da ita muke naɗe kwalba, ranka ya daɗe, kada haske ya taɓa garin. Amma ni yagawa nake. Almakashin nan a aljihun rigar Farfesa yake zama."

Ɓarawo mai tausayin kayan sata! Sufeto ya kira ɗalibar Farfesa.

"Garin yana aiki?"

"Sosai, yallaɓai."

"To buɗe littafin gwajinki."

Ta buɗe. Wata uku, kowane shafi sifiri, ko kumfa ɗaya babu. Ƙarƙashin kowanne ga sa hannun Farfesa da jan biro.

"Ya ce in yi shiru," ta ce, kanta a ƙasa.

A ofis Sufeto ya ajiye littafin gaban Farfesa. "Buɗe jakarka, Malam."

Kwalbar na ciki, naɗe tsaf, gefen takardar a miƙe kamar aikin tela.

"Sau ɗaya ya yi aiki," in ji Farfesa. "Daga baya na gano bututun awo ne ya yi yoyo. Na riga na shaida wa duniya. Kunya ta hana ni janyewa."

"Amma ba ta hana ka miƙa min dattijo ba. Tashi mu je, ƙarar ƙarya laifi ce."

A baranda aka saki Baba. Da ya ga Farfesa ya fito, sai ya miƙe ya kai hannu zai karɓi jakar, kamar kullum.

Farfesa ya ƙanƙame ta a ƙirji. "Bar ta, Baba. Don Allah bar ta."

Har suka kai mota bai ɗaga ido ba.