Gidan da Aka Rubuta Kango

Wani dare mutanen Unguwar Tsamiya suka ji ƙasa tana nishi, dum, dum, kamar ana daka a ƙarƙashinta. Da safe Aina'u ta leƙa, ashe injin kafa ginshiƙai ne. Gidaje sun cika wajen, za a rufe inda motoci ke tsallaka layin dogo, a yi gada ta sama.

A jikin katangarsu ga wani saurayi da gwangwanin jan fenti.

"Malam, wa ya ce maka muna son kwalliya?"

"Alamar rusau ce, ƙanwata. Hanyar hawa gadar ta nan za ta bi." Ya tsaya kallonta, fenti na ɗiga a takalminsa. "Sunana Tasi'u. Yau na tsani aikina."

Kafin sati uku ya koma kiranta Zumata. Amma mahaifinta, Malam Mati, ya rantse.

"Wanda ya shafa wa gidana ja ba zai ɗauki 'yata ba. Gara Jamil mai shago."

Aina'u ta yi kwana biyu tana kuka. A na uku ta share ido, ta tura saƙo:

"Masoyi, Inna Larai ta tsallaken titi ta tafi Makoɗa yi wa 'yarta wankan jego. Kwana arba'in gidanta a kulle. Ni dai ban ce komai ba."

Amsa ta zo: "Na gane, Zumata. Injiniya ya ce hanyar za ta iya bi ta kowane ɓangare, amma inda babu kowa, nan ya fi so."

Tasi'u ya rubuta a takarda cewa gidan Inna Larai kango ne. Injiniya baƙo ne, bai san kwanakin jego ba. Ya ga kwaɗo a ƙofa, ya sa hannu. Katafila ta gama da gidan kafin azahar. Malam Mati da kansa ya kankare jan fentin katangarsa, ya ce yaron nan ɗan albarka ne.

Ranar Juma'a aka ɗaura aure, unguwa ta cika da guɗa. Ana haramar kai amarya Inna Larai ta sauka daga babur da ƙunshinta, ta damƙa wa Aina'u sabuwar tasa.

"Allah ya ba da zaman lafiya, 'yata, ya kawo zuri'a mai albarka."

Kowa ya ce amin. Tsohuwa ta juya, ta daɗe tana duban tsallaken titi, inda jar ƙasa ta yi tudu.

"Mati, idona ne, ko kuwa? Ina ƙofar gidana?"