Matakalar Nomau

Can a zamanin da, an yi wasu 'yan'uwa biyu, Nomau da ƙanensa Jatau. Kowa ya gina bene, kowa ya sa matakalar katako. Amma mahaifiyarsu, wadda tsufa ya kama, kullum benen Jatau take hawa ta shanya kuɓewarta. Benen Nomau kuwa ba ta ko kallonsa.

Abin nan ya tsaya wa Nomau a rai. Ya je ya leƙa matakalar ƙanensa, ya ga ashe yashi Jatau ya zuba a fenti ya shafa, duk ta yi kaushi.

Ya taɓe baki ya ce, "Wannan mummunar abar Inna take so? Bari ta ga tawa."

Ya goge tasa ya shafa mai, ya sake gogewa ya sake shafawa, har mutum na ganin fuskarsa a jiki. Sannan ya aika a kira ta.

Inna ta zo da faifan kuɓewa, ta idar da alwala ke nan, ƙafarta a jiƙe. Tana ɗora ƙafa sai santsi ya kwashe ta. Da ƙyar ta dafe bango, kuɓewa ta watse.

Nomau ya ce, "Amma dai Inna, ta fi ta Jatau kyau, ko?"

Ta ce, "Ta fi. Sai dai ni da ƙafa nake hawa, ba da ido ba. Durƙusa ka tsince min abina, ka kai min gidan ƙanenka."