Iskar da Ta Maƙale a Ɗakin Beryl

Rana na shirin faɗuwa a Ballarat, sanyin hunturu, wanda a can yake kamawa a watan Mayu, ya fara cizo, Noelene ta ce wa mijinta Gavin yau kam sai an tayar da ɗumin gida. Aikin ba wuya: a cika bututai da ruwa, a bi ƙarafan ɗumi ɗaki-ɗaki da ɗan makulli ana sakin iskar da ta maƙale. Ita ta tsaya a ɗakin wanki gaban tukunyar ruwan zafi tana kallon allurar awo, shi ya ɗauki tsumma da kofi.

"Kar ka tsallake ɗakin Mama," ta ce. "Tun bara kake cewa ƙarfensa ya lalace, sarkin gyara."

Gavin ya yi dariyar yaƙe. Ba abin da ya lalace. Bara, da surukarsa Beryl ta ƙi komawa gidan tsofaffi, shi ya cire murfin ƙaramin famfon da ke gindin ƙarfen ɗakinta, ya murɗe shi tam, ya mayar da murfi. Wai don sanyi ya kore ta. Tsohuwa ta yi ta juya makunnin da ke samansa, ƙarfe yana nan kamar ƙanƙara. A Agusta ciwon haƙarƙari ya ɗauke ta. Mara kunya, har da hawayensa wajen jana'iza.

Ya fara da ƙarfen falo, ya yi huci, ya tofar da ruwa, ya yi shiru. Na ɗakinsu ma haka. Saura na ɗakin Beryl, a ƙarshen lungu.

Ya durƙusa, ya kwance famfon da ya rufe. Ruwa ya shiga yana ƙugi. Ya sa makulli a sama, ya juya.

Iska ta fito. Ba warin tsatsa, sai warin man zafin da Beryl ke shafawa a ƙirji.

Hucin ya tsaya. Ya dawo. Ya tsaya, da ɗan kakari a ƙarshensa.

Numfashi ne.

Ya yi niyyar rufewa, yatsunsa suka manne da makullin. Sai hucin ya juya ciki. Tsumman ya lafe a bakin hudar. Iskar ƙirjinsa ta fara bin ta, ana zuƙe ta a hankali, ba gaggawa.

"Gavin," aka raɗa daga cikin ƙarfen. "Ka ji yadda yake?"

Leɓunansa suka daskare.

"Beryl, ki bari. Ni ne. Ni na rufe shi, da gangan. Ki yafe mini."

Ruwa baƙi ya feso masa a fuska. Hannunsa ya saku, ya bar fatar yatsa biyu a jikin makullin, ya ja ciki har bakin ƙofa.

Noelene na tsaye a lungun. Ba ta duba hannunsa ba.

"Bututun gidan nan guda ne, Gavin," ta ce a hankali. "Har ɗakin wanki muryarka ta zo."

Ta buɗe masa ƙofar waje, ko rigar sanyi ba ta bari ya ɗauka ba.

Yanzu yana wani ɗaki a Geelong shi kaɗai. Likitoci sun ce huhunsa lafiya lau. Amma ko a tsakiyar zafin Janairu da bargo biyu ake ganinsa, kuma tun daga ranar nan bai ƙara jan numfashi ya cika masa ƙirji ba.